Jan Yauƙi a Tankin Baba

Jama'a, kafin wani ya fara yi mini wa'azi a ƙasan rubutun nan, bari in riga shi faɗa: na sani, bakina ya fi hankalina sauri. Mama ta faɗa, Yaya ta faɗa, har mai shagon tabarau da nake yi wa aiki ya faɗa, shi da ba ya buɗe baki sai in zai ce a goge madubi. To, na ji. Yanzu ku gyara zama ku ji yadda yashi, yashi dai da kuka sani, ya tona mini asiri a gidanmu.

A falonmu akwai tankin kifi na gilashi. Ba na ruwan famfo ba ne, na ruwan gishiri ne irin na teku, wanda sai an auna gishiri an dama kafin a zuba. Baba ne ya haɗa shi da hannunsa bayan ya ajiye aikin gyaran famfo. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana toshe wa mutane yoyo, da ya samu hutu sai ya kawo ruwa tsakiyar falo ya zauna yana kallo. Har teburin shi ya ƙera, ya auna shi yadda bakin tankin zai zo daidai hannun kujerarsa. A ciki akwai farin yashi, da duwatsu masu ramuka, da 'yan dodon koɗi, da kifaye biyu masu ruwan lemo da farar ɗamara. Baba ya raɗa musu Direba da Kwandasta, don babban kullum yana gaba, ƙaramin yana binsa yana motsa baki.

Bara ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Magana ta tafi, sai ɗan "um" da ya rage. Hannun dama ya kwanta a cinyarsa kamar ba nasa ba. Likitar motsa jiki ta ba mu ƙwallon roba da kwanon maɓallai, ta ce ya riƙa matsa wannan yana tsince wancan. Duk lokacin da muka kawo sai mu kewaye shi, ni da Mama, da Yaya in ta zo daga gidan mijinta, muna ta "Yawwa Baba! Daure Baba! Saura kaɗan!" Shi kuwa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da fuskarsa ga kifayensa. Ƙwallon yanzu tana ƙarƙashin kujera, maɓallan sun koma gwangwanin ɗinkin Mama. Abin da ya rage wa Baba a duniya shi ne kujerar nan da tankin nan, kuma kula da tankin ya dawo wuyana, tunda dama ni ce mai riƙe masa bokiti.

Sai kuma Malam Daidai.

Ɗan ƙawar Mama ne, malamin lissafi a wata sakandare. Ba sunansa ke nan ba, ni na laƙaba masa, don duk abin da ka ce masa amsarsa ɗaya ce. Ka ce yau ana zafi, "Daidai ne." Ka juya ka ce ai kuwa da ɗan sanyi-sanyi, "Daidai ne." Rigarsa kullum a goge, karin gugar ya isa ya yanka albasa, ga biro biyu a aljihu, ja da shuɗi. Kowace safiya ina ɗaura ɗankwali saƙonsa zai shigo:

"Barka da safiya, Malama. Da fatan kin tashi lafiya. Yaya jikin Baba?"

Da aya, da waƙafi, da alamar tambaya, kamar za a duba masa a ba shi maki. Ni kuma in tura masa hoton babban yatsa in ci gaba da harkata. Wata da watanni a haka muke. Ban ƙi shi ba, ban kuma so shi ba. Yana nan dai a rayuwata kamar kalandar bango.

Mama kuwa ta ɗaura ɗamara.

"Yaron kirki ne," take cewa, da safe da yamma, kamar shan magani.

"Mama, me ya yi na kirkin?"

Sai ta gyara zaman murfin tukunyar da dama a zaune yake. "Ni dai na ce miki yaron kirki ne. Ko so kike sai kin fara sayar wa kanki tabarau na tsufa?"

Yaya ma ba ta bar ni ba. Ta turo mini: "Ƙanwata, namijin da ba ya musu ai ni'ima ne. Ki tambaye ni, ni da na auri lauya." Na tura mata babban yatsa ita ma.

Ana cikin haka abin ya fito. Da fari ɗan tabo ne a kusurwar baya, ja-ja, kamar an ɗiga jan baki a kan yashi. Na ce zai wuce. Bai wuce ba. Ya bazu, ya yi duhu, ya shimfiɗu har gaban gilashi, da 'yan ƙananan kumfa maƙale a samansa. Farin yashin da Baba ke alfahari da shi ya koma abin da in baƙo ya kalla sai ya ce, "Sannunku da ƙoƙari."

Na ɗauki hoto na tura wa Mai Kifi. Tsohon abokin Baba ne, mai shagon kifin ado a bayan tasha, a wurinsa aka sayi Direba da Kwandasta. Ba ya rubutu, sai saƙon murya, kana jin injinan shagonsa suna ta gurnani a bayansa.

"'Yar mai famfo, kin ce datti. Datti ai kala-kala ne, ba a yi musu kuɗin goro. Ki hura masa ruwa ki gani. In ruwan ƙasa ne, ya tashi ya watse kamar gari, wannan ba abin damuwa ba ne. Sabon tanki ke yinsa, ko in an ƙara ruwan famfo ba a tace ba, kuma dodon koɗi ma za su lashe shi. In zare-zare ne kamar majina, da kumfa a bakin zaren, kuma kika ga dodon koɗi suna kifewa, to kada ki turo saƙo, ki kira ni. In kuwa ja ne, ya kwanta shimfiɗe, kika taɓa ya ɗago gaba ɗaya, ki faɗa mini."

Na naɗe hannun riga, na sa tsinke na taɓa gefensa. Ya ɗago kamar fatar da madara ke yi in an tafasa ta. Na fito da ɗan guntu na shinshina, na yi nadama: warin tsumman da ya kwana a jiƙe. Baba yana kallona daga kujerarsa, ya ce "um" irin na wanda ya san amsa amma an hana shi ɗaga hannu.

"Jan yauƙi ne," in ji Mai Kifi. "Da safe ya yi kamar ya ja baya, fitilar tankin na haskawa ya dawo, ko ba haka ba? To. Ki zuƙe shi da tiyo a hankali, sama-sama, kada ki tona yashin. Ki riƙa canza ruwa kaɗan-kaɗan, da tataccen ruwa. Ki juya bakin injin da ke motsa ruwan ya riƙa hura kusurwar nan, don abin yana son inda ruwa ya kwanta. Ki rage masa fitila. Amma duk wannan sharar bakin ƙofa ce. Abin da yake ci shi ne abincin da ya yi yawa ya ruɓe a cikin yashi. Wani yana cika wa kifin nan ciki a gidanku."

Na ce masa ni kaɗai ke ba su, tsunkuli ɗaya da safe, yadda Baba ya koya mini.

"To yashin ƙarya yake miki," ya ce, saƙon ya ƙare.

Na yi duk abin da ya ce. Wanda bai taɓa zuƙar tiyo ruwan gishiri ya cika masa baki da sassafe ba, kada ya zo yana ba ni labarin wahala. In zuƙe yau, yashi ya yi fari tas, in tafi aiki ina jin kaina. Kafin jibi ya dawo, har da ƙari.

Wata safiya na fito cikin shirin aiki, doguwar riga ruwan toka, jaka a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Na tarar da Mama tsaye a gaban tanki, ta ɗaure zani a ƙirji, ludayin miya a hannunta. A ƙasa ga baho cike da kumfar sabulu.

"Mama! Me za ki yi?"

"Kwashe shi zan yi in wanke, in shanya, in mayar. Yashi ne ai, ba zinariya ba."

Na yar da takalmin na riƙe ludayin. Na yi mata bayani da sauri, ina haɗa kalma da kalma: yashin nan ba matacce ba ne, akwai ƙananan halittu a cikinsa da ido ba ya gani, su ke tsabtace ruwan. In aka wanke su da sabulu, kafin rana ta faɗi Direba da Kwandasta za su taso sama ciki a waje.

Mama ta saurara har na gama. "Wato yashin ma rai gare shi."

"E, Mama."

"To Allah ya ba shi lafiya." Ta saki ludayin, ta goge hannu a zani. "Ki saurare ni da kyau. Ran Asabar ƙawata za ta zo da ɗanta. Ba zuwan ƙawance ba ne, zuwan ganin gida ne. Mace in ta shiga gidan da ɗanta ke nema, ba fuskar yarinya take kallo ba, lungu take kallo. Ta zauna a falona, ga wannan ƙazanta a cikin gilashi, an haska mata fitila don ta gani da kyau? Ta ce wa ke kula da shi, in ce 'yata?"

"Mama, ba ƙazanta ba ce, wata irin..."

"Ja ne? Yana wari? To ƙazanta ce. Na gaya wa kawunki ya zo da mota ran Asabar da safe. In abin nan bai tafi ba, tanki zai koma shagon wanda ya sayar da kifin."

Baba ya ce "um." Wannan karon ba na sanin amsa ba ne. Mama ba ta dube shi ba, amma muryarta ta sauka.

"Ni ma mijina ne," ta ce. "Ni ke masa wanka, ni ke ba shi abinci a baki. Amma ba zan zauna a ce 'yata ƙazama ce a kan kifi biyu da ko ci ba a yi ba."

Ta ɗauki bahonta ta shige. Wallahi ban ji haushinta ba, tsoro na ji. Na san in aka fitar da tankin nan, Baba bango zai riƙa kallo har ƙarshen ransa.

Daga ranar na zama ɗan sanda. Na ɗauki jagira na ja layi a jikin robar abincin kifin, daidai inda abincin ya tsaya. Na dawo da yamma, abinci ya sauka ƙasa da layi. Washegari ma haka.

"Mama, ke kike ba kifin nan abinci?"

"Ni? Ina ruwana da su? Ni da na ga dama su yi azumi."

"To wa ke shigowa gidan nan da rana?"

"Wa zai shigo? Aljanu?" Sai ta tuna ta bar wani abu a wuta. Babu komai a wuta.

Ana gobe za su zo, na roƙi mai shago ya sallame ni da wuri, don in yi zuƙar ƙarshe in gwada sa'ata. Na biya wurin Mai Kifi na ɗauko jarkar tataccen ruwa, na iso gida da la'asar, kafaɗa kamar za ta cire. A bakin ƙofa na ga takalmi baƙi, sau ciki, an goge shi yana ƙyalli, an jera shi kai da kai kamar za a ɗauke shi hoto. Daga ciki kuma murya ce ke tashi, namiji yana zuba labari, wai wani ɗalibinsa ya rubuta a takardar jarrabawa cewa amsar tana nan a zuciyarsa, malam ya yarda da shi kawai. Har da dariya. Ban taɓa jin mutumin nan ya haɗa jimla uku a jere ba.

Na leƙa. Malam Daidai ne zaune a kan 'yar kujerar tsuguno kusa da Baba, ya ba ƙofa baya. Robar abincin a buɗe a hannunsa, ya karkata ta, ya fuskanci kifi. A cikin ruwa kuwa abinci ne ke sauka ta ko'ina, Direba da Kwandasta suna ta wawaso, ragowar tana kwanciya a kan yashina.

Jama'a, a nan ne ya kamata in ajiye jarka in yi sallama. Jarkar dai na ajiye.

"Ashe kai ne!"

Ya miƙe zumbur.

"Mako da makonni ina shan ruwan gishiri ta tiyo, ina kokawa da Mama a kan ludayi, ashe kai ne kake lallaɓowa kana cika musu ciki? Wa ya aike ka? Saboda mahaifiyarka za a fitar da tankin nan gobe, kuma kai ne ka ɓata shi! Lissafin ke nan da kake koya wa 'ya'yan mutane?"

"Malama, ban san abincin ne ke..."

"Ai ba ka san komai ba sai daidai ne! Don Allah ka bar mana gida mu ji da abin da ya dame mu."

Ya dubi yashin, ya dube ni.

"Daidai ne," ya ce a hankali. "Ki yi haƙuri."

Ya ɗora robar a cinyar Baba, ya rusuna ya ce, "Baba, na tafi." Ya sa takalminsa ya fita, ya ja ƙofar a hankali yadda ko ƙara ba ta yi ba.

Na juyo ina huci, da sauran magana a bakina. Sai na ga abin da jikinsa ya tare mini. Hannun Baba na dama, hannun da ya shekara kwance, yana kan bakin tanki. Babban yatsa da manuni a haɗe, suna rawa, da ɗan abincin kifi a tsakaninsu. Baba ya dube ni. Ya buɗe yatsun, abincin ya faɗa ruwa. Hannun ya zame ya koma cinya, ya juya fuskarsa, ba ga tanki ba, ga bango.

Na zauna a kan jarka.

A haka Mama ta dawo daga kasuwa ta same ni. Da ta ji na kori yaron, ta ajiye leda ta riƙe haɓa.

"Tun da ya ji ba ni da mai zama da Babanku in leƙa ko kasuwa, yake zuwa in an tashi makaranta. Shi ne ya sa ni na yi masa alkawarin ba zan faɗa miki ba, wai kada ki ɗauka sayen zuciyarki yake yi. Kin ji kirkin da kike tambaya."

Na gaya mata maganar hannun. Ta yi kan Baba da sauri. "Maigida, da gaske? Nuna mini. Yawwa, ɗaga! Daure mana!" Baba ya rufe ido.

Mama ta juyo kaina. "Kin kori ɗan mutane, kin tayar wa Babanki hankali, yanzu kuma kina ƙago mini abin al'ajabi don kifi. Idonki ne, ke mai sayar da tabarau. Gobe tanki zai fita."

Asabar da safe na ɗaura ɗankwali, waya ba ta yi motsi ba. Na kwance na sake ɗaurawa. Na kashe wayar na kunna. Na zagi kamfanin layi a zuciyata, alhali saƙon Yaya ya shigo lafiya lau: "Me za ki saka? Kada ki saka tokar nan taki, shuɗiyar za ki saka." Jan yauƙi kuwa yana nan a kusurwarsa, ya ragu amma bai tafi ba.

Kawu ya iso da 'yan dako biyu, da igiya da bokitai. Ƙanen Mama ne, ƙato mai furfura a gemu, amma har gobe Auta take ce masa. An yi wa Baba wanka an sa masa farar rigarsa ta fita saboda baƙi. Yana zaune, robar abincin na kan cinyarsa tun jiya, ya hana a ɗauka. Da 'yan dakon suka fara zagaya tanki suna neman wurin kamawa, na ga ƙirjinsa yana hawa yana sauka.

Sai na tuna abin da na gani ta ƙofa kafin bakina ya riga ni. Mutumin nan ba hannun Baba yake kallo ba. Kifi yake kallo, yana ba da labarinsa. Babu "yawwa," babu "daure." Mu kuwa shekara guda muna tsaye a kan Baba kamar 'yan kallon dambe, shi da ya ƙare rayuwarsa ba ya son a tsaya masa a kai in yana aiki. Ko mai gida in ya leƙo yana gyaran famfo, cewa yake, "Je ka sha iska, in na gama zan kira ka."

"Kawu, don Allah ku dakata," na ce. "Kowa ya juya baya."

"Mu yi me?"

"Ku kalli bango. Har ke, Mama. Kada wanda ya ce uffan."

"Yarinyar nan ta fara taɓuwa," in ji Mama. Amma ta juya. Kawu ya juya. 'Yan dakon suka dubi juna, ɗaya ya ɗaga kafaɗa, suka juya su ma, igiya a hannu. Manya huɗu tsaye a falo suna kallon bango kamar an ba su horo a aji.

Na jawo 'yar kujerar na zauna inda Malam Daidai ya zauna. Na buɗe robar na karkata ta, na kafa wa Kwandasta ido. Na fara ba da labarin wata mata da ta dawo mana da sabon tabarau, wai tun da ta saka take ganin ƙurar gidanta, a taimaka a ba ta tsohon. Na ja labarin, na ƙara masa gishiri, na sako mijinta da maƙwabtanta. Labari ya kusa ƙare mini, ba abin da ya faru. Na fara sabo.

Sai na ji robar ta ɗan yi nauyi a hannuna. Wani abu yana lalube a cikinta. Ban duba ba. Wallahi wuyana har ciwo ya yi don ƙin dubawa. Can na ga ɗan abinci ya sauka a saman ruwa, Direba ya taso ya cafke.

Wani sauti ya fito daga wajen Mama, kamar an shaƙe ta. Ashe bangon da ta zaɓa na kabad ɗin kwanuka ne, komai tana gani ta gilashinsa. Ta daɗe ba ta juyo ba. Ta kai gefen mayafi ga fuska, ta share, ta gyara murya.

"Auta, ku sha ruwa ku tafi."

"Yaya, motar fa? Tankin fa?"

"Wane tanki? Wa ya ce maka ana shiga gidan mutane a taɓa musu tanki?"

Kawu ya dubi rufin ɗaki, ya tattara mutanensa da igiyarsa.

"Mama, jan abin fa?" na ce. "In ta zo ta gani?"

"In ta gani ta gani. Ai ba a kanta ya fito ba."

Na tura wa Mai Kifi labari. Ya ce in daina ba su na safe, rabon yini duka ya koma hannun Baba, kuma in zo in karɓi abinci mai ƙwaya-ƙwaya, a riƙa ɗauka ɗai-ɗai, hannu ya yi aiki da yawa, yashi ya samu kaɗan. Ya ce a haka jan yauƙin zai janye da kansa, amma sai an yi haƙuri. A ƙarshen saƙon ya yi tari ya ce, "Ki gaida mai famfo," muryarsa wani iri.

Mama ta goge falo sau biyu, ta jera kofunan baƙi. Na saka shuɗiyar rigar da Yaya ta ce, da ɗankunnen Mama. Muna zaune wayar Mama ta yi ƙara. Ƙawarta ce. Na ji Mama tana "To... to... babu komai... Allah ya kai mu." Ta ajiye.

"Ba za su zo ba. Yaron ya ce a dakata, wai kada a takura wa yarinya."

Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. Ta tattara kofunan ɗaya bayan ɗaya ta mayar kabad.

Da la'asar na sake zama kusa da Baba na buɗe robar. Bai taɓa ba. Ba kifi yake kallo ba, ba bango ba. Ƙofa yake kallo, daidai inda takalmin nan ke zama.

Na ɗauki waya. Sama duk saƙonninsa ne, a jere kamar ɗalibai a layi, ƙarƙashin kowanne da babban yatsana. Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Na rubuta "Ka yi haƙuri," na goge. Na rubuta bayanin jan yauƙi da abin da ke kawo shi, na goge. Daga ƙarshe na rubuta:

"Barka da yamma, Malam. Da fatan kana lafiya. Na yi maka rashin kunya jiya, ka yafe mini. Baba yana kallon ƙofa."

Da aya, da waƙafi. Na dubi saƙon, na ƙara kalma biyu a ƙasa: "Ni ma." Na tura kafin hankalina ya iso, tunda dama kullum a baya yake zuwa.

Alama ta nuna ya karanta. Ta nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta yi kamar gishiri take nema a falo.

Ni da ban taɓa jiran saƙon mutumin nan ba, ga ni zaune a kan 'yar kujerarsa da shuɗiyar riga, robar abincin kifi a hannu ɗaya, waya a ɗayan, ina roƙon Allah ya sa ya ce daidai ne.